Tagwayen Da Ba Sa Ba Baƙo Ruwa

Da sunan Wanda ya halicci babba ya halicci ƙarami, ya ɓoye ƙaramin a cikin babban, ya kuma ɓoye wanda ya fi shi ƙanƙanta a cikin ƙaramin. Ku matso ku zauna. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, mai goyo ta ba ɗanta nono, don in na fara ba na son a katse ni. Ni ce Tambai mai kunun zaƙi, wadda karatunta ya tsaya a aji uku. Na je ƙasar da malaman jami'a ba su taɓa takawa ba, na yi ɓarna a cikinta, na sha hukunci, na kuma dawo da abin da na je nema.

Ina da jika, Yalwa sunanta, 'yar ɗana na biyu. A lokacin shekararta huɗu, amma in ka gan ta sai ka rantse biyu ce. Tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari fat. In ta yi taku goma sai ta zauna tana haki. Wani abin kuma da ni kaɗai na lura da shi, don ni ke wanke mata fo, shi ne in fitsarinta ya bushe sai ya bar wani farin yashi mai ƙyalli. Mun kai ta asibiti. Likitar mace ce mai kirki, ta ce jini ne ya yi ƙaranci, ta ba da maganin ƙarin jini. Wata uku ana sha, shiru. Aka sake wani, shiru. Rannan ta cire tabarau ta ce mini, "Iya, ba zan yi miki ƙarya ba. Jikinta ba ya ƙera jini yadda ya kamata, dalilin ne har yanzu ya ɓuya mini." Na ji daɗin gaskiyarta, amma gaskiya ba ta ƙara wa yarinya ko tsoka ɗaya ba.

Wata hantsi ina shanya tsiron dawa a faifai, irin wanda nake sa wa kunu don ya yi zaƙi, ina aiki ina share ido da bakin zani. Sai ga wata tururuwa ta kinkimo ƙwaya ɗaya za ta gudu da ita. Na ce, "Ke ɓarauniya, ajiye!"

Ta ajiye, ta ɗago kai ta ce, "Iya, in za ki yi kuka ki matsa gefe, kin jiƙa mini hanya."

Tsufa ya sa na daina mamakin abubuwa da yawa. Na zayyana mata komai. Ta saurara, ta ce, "Ku manya matsalarku ke nan, komai sai ku tambayi manya. Masu ƙera jiki ai ƙanana ne. A cikin kowane mai rai, mutum ne, akuya ce, ƙwayar dawa ce, akwai garinsu, kuma sana'arsu iri ɗaya ce. Mafi kusa da ke yana cikin ƙwayar nan da kika hana ni. In kina so ki shiga, ki durƙusa ki gaishe ni sau bakwai, irin gaisuwar da kika yi wa surukarki a makon farko."

Ni da ciwon gwiwa, a gaban tururuwa! Amma na tuna Yalwa. Na ƙulle ɗan yashin nan a bakin zanina tare da ɓarin goro, na durƙusa. Kowane durƙuso sai in ragu. A na bakwai faifai ya zama fili iya ganin ido, tururuwa ta zama kamar raƙumi. Ta ɗauke ni har bakin tsagar da tsiro ya fito, ta ce, "Nan na tsaya, ni ma na yi girma da yawa. Ki ƙara bakwai ki shiga." Na ƙara bakwai ina salati, gwiwoyina suna ƙara.

Ya ku masu sauraro, ƙasar da ke cikin ƙwayar dawa ta fi duk tafiyar da na taɓa yi faɗi. Na keta tsaunukan gasara, farare tas, suna narkewa suna gangarowa koguna masu zaƙi. Na haye kogi ɗaya a kan wani kumfa, na faɗa na biyu har wuya, na fito ina lashe hannu. Can sama, daga wannan gefen sararin zuwa wancan, wata doguwar sarƙa ce ta duwatsun ado a miƙe, mata dubu suna shirya ta, hannuwansu ba sa tsayawa.

Daga nan na sauka wani kwari cike da mutane a zaune. Kowane da gora a ka, ba gammo, ba igiya, amma ta manne kamar da ita aka haife shi. Kowane kuma da wani mariƙi a kwankwaso kamar na buta. Na yi wa wani dattijo sallama. Ya amsa da kyau, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida. Ya ce sunansa Malam Jirau.

Na ce, "Malam, mece ce a gorar?"

"Iska ce, Iya. Irin wadda kuke fitarwa in kun yi numfashi. Mu Orotawa ne. Sarƙar can da kika gani ita ce sarƙar gado, da ita ake sanin yadda za a gina jiki. Duwatsu iri huɗu ake shirya ta da su, iri biyu daga cikinmu suke fitowa. Amma ba mai hawa sarƙa da gora a ka. Sai an sauke."

"To ka sauke mana."

Ya yi dariya. "Ba ta saukuwa da hannu. Da kanta take faɗuwa."

"Yaushe?"

"Bayan shekara miliyan saba'in da takwas. Shi ma rabinmu ne kawai tasu za ta faɗi."

"Kai tun yaushe kake jira?"

"Jiya na fara," in ji shi, ya gyara zama.

Na ce yanzu duk ƙasar nan ba mai taimakon mutum ya sauke kaya? Ya ɓata rai. Ya ce akwai wasu tagwaye a bayan tudu, Damƙau da Sakau, kafin ki ƙifta ido sun sauke wa mutum goma. "Amma ni ba zan je ba. Ba sa amsa sallama, ba sa ba baƙo ruwa. Kana shiga su cafke ka ta kwankwaso, su banko ƙofa. Ni da mutuncina? Gara in jira."

Na ce a raina, waɗannan su ne za su san ciwon Yalwa. Na kuma ce a raina, amma sai na fara koya musu tarbiyya.

Gidan tagwayen ɗaki biyu ne a manne, bango ɗaya. Kowane yana ɗakinsa, amma ya zura hannu ɗaya ta ramin bango cikin ɗakin ɗan'uwansa, don ba wanda yake iya aikin shi kaɗai. Layin Orotawa ya miƙe har bayan tudu. Mutum ya shiga, ƙofa ta yi garam, a ji fus, ƙofa ta buɗe, ya fito ba gora, da 'yar hula a inda gorar take, yana tsalle. Daga nan sunansa ya zama Ba'uride, ya ruga wajen masu sarƙa. Na leƙa ban ga wuƙa ba, ban ga guduma ba, ko allura babu. Hannu ne kawai. Kuma ba sa gajiya, ba sa raguwa, yadda suka sallami na farko haka suke sallamar na dubu.

Na yi sallama. Garam, fus. Na sake. Garam, fus. Na uku na ɗaga murya.

Damƙau, gajeren, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Iya, matsa, kin tare hanya."

"Kai, ɗan nan, ni kake ce wa matsa? Na haifi wanda ya haife ka!"

"Mu ba a haife mu ba, ƙera mu aka yi. Matsa."

Nan jinina ya hau. Na tuɓe takalmina ɗaya na tokare ƙofar Damƙau, na tokare ta Sakau da ɗayan. Na tsinci wata tsohuwar gora da aka yar, na fasa ta biyu, na ɗebo ruwa. Matar da ke gaban layi na kama hannunta na zaunar da ita a tsakar ɗaki, na ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Sha ruwa tukuna." Na yayyafa sauran a ƙasa don ƙura ta kwanta. Na juya wajen layi na ce, "Daga yau a gidan nan ba a rufe wa baƙo ƙofa, kuma sai ya sha ruwa an tambaye shi gajiya kafin a taɓa masa kaya. Haka ake yi a garin mutane."

Orotawa suka ɗau guɗa. Mata suka bazama ɗebo ruwa. Labari ya kai kwari, sai ga Malam Jirau da jama'arsa, yana cewa, "Yauwa, yanzu aka yi magana!" Kafin wani lokaci ɗakunan biyu sun zama kamar bakin rijiya. Ana gaisawa, ana sha, ana sa mini albarka. Ni kuwa ina tsaye ba takalmi ina jin kaina kamar na ci yaƙi.

Sai na lura ba na jin fus.

Sakau, dogon, ya kama gorar matar nan, hannunsa ya zame. Ya sake, ya zame. Damƙau ya riƙe mariƙinta, ƙofa ta taho za ta rufe, ta bugi takalmina ta koma. Sakau ya dube ni a karon farko, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Iya, kin kashe mu. Gorar nan son ruwa gare ta. In ruwa ya kewaye ta sai ta ƙara lafewa. Shi ya sa muke rufe ƙofa, don mu kore shi waje."

Na ɗaga kai. Sarƙar sama ta tsaya cak, mata dubu sun saki hannu suna leƙen ƙasa. Kogunan zaƙi suka fara ja baya. Sai ga wata ƙatuwar mata ta sauko, zare a wuya, ido jawur. Ita ce Magajiyar masu sarƙa.

"Wace ce mai takalman nan?"

Duk waɗanda suka sha ruwana suka nuna ni da yatsa. Har Malam Jirau, da hannu biyu.

Magajiya ta ce, "Tsiro ya daina tsawo saboda ke. In aikin nan ya ƙara tsayawa kaɗan, ƙwayar nan ta mutu, mu duka mun mutu. Tunda kina son al'adar baƙi, za ki zama baƙuwarmu." Ta ɗauki gora sabuwa ta kifa mini a ka. Ta manne. Na ja, na murɗa, kamar in cire kaina. "A kai ta kwari ta jira tare da su."

Shekara miliyan saba'in da takwas. Ni da ko azumin baɗi ban tabbata zan gani ba. Amma wallahi ba kaina na tuna ba. Yalwa na gani a zaune a bakin ƙofa tana jiran in dawo in dama mata kunu, tana ƙara fari kullum, ba wanda ya san inda na shiga. Na zube a gaban Magajiya, durƙuson da ba wanda ya sa ni, na ce, "Ranki ya daɗe, na yi wauta. Mai ɓarna ita ta san inda ta zuba ruwa. Ki bar ni in goge."

Ta ce, "Goge. Amma gora tana nan."

Na cire mayafina na shiga aiki. Shekara hamsin ina goge ɗaki, ban taɓa yi da gora a ka ba. Na tsane ɗakin Damƙau, na matse, na tsane na Sakau. Na kori masu ɗebo ruwa, na ce duk wadda ta ƙara kawo ɗigo ɗaya sai na fasa mata gora ta biyu. Na zare takalmana. Garam, fus! Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Layi ya motsa, sarƙa ta motsa, koguna suka dawo. Malam Jirau yana cikin faɗin shi ba zai shiga ba, turereniya ta ingiza shi ciki. Ya fito da 'yar hularsa yana tsalle fiye da kowa, ko kallona bai yi ba.

Dogaran Magajiya suka kama ni za su wuce da ni kwari. Na ce, "Ku dakata. Kowane mai gora yana da damar bin layi, ko ba haka ba?" Magajiya ta ce haka ne. Na bi layi. Da na iso, Damƙau ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ba ki da mariƙi, Iya. Ƙofar nan ba da hannu muke rufe ta ba. In na damƙi mariƙin mutum, ƙarfin damƙar ne ke jawo ta. Ba mariƙi, ba rufi. Ba rufi, ba sauke kaya."

Dogarai suka fara murmushi. Na shafa kwankwasona, na ji ƙullin nan na bakin zani, goro da yashi a ciki, tauri kamar dutse. Na turo masa shi na ce, "Wannan fa? Duk jikokina da shi suke kama ni, bai taɓa kuɓuce wa ɗayansu ba."

Ya taɓa, ya jinjina, ya leƙa ta ramin bango ya ce, "Ɗan'uwa, a gwada?" Sakau ya ce, "A gwada."

Ya damƙa. Garam! Ɗakin ya matse ni ta ko'ina kamar rigar da aka ɗinka mini ina budurwa. Ko gumin goshina sai da aka kore waje. Ba wanda ya ja gorar. Damƙau ya kawo tafin hannunsa dab da ita ya tsayar, ita kuwa ba ta ƙaunar wannan hannun, halinsu ɗaya, ba sa zama wuri ɗaya. Na ji tana ƙyamarsa tana ɗagawa. Inda take rabuwa da kaina ya ɗau zafi kamar an ɗora garwashi, har na so in ce a mayar. Nan take wani hannu ya tallafi wurin ya rarrashe shi, ya ɗora 'yar hula. Fus! Ƙofa ta buɗe, na fito ina gyatsa.

Sai dai damƙar ta kwance ƙullin. Goro ya gangara, yashi ya zube. Sakau ya leƙo, ya ce, "Tsaya. Ina kika samo wannan?" Aiki bai tsaya ba, hannuwansu na yi, bakinsa na magana. Na duƙa na duba da idon ƙanƙanta, sai na ga ashe ba yashi ba ne. Orotawa ne dubu bisa dubu, kowane da gorarsa, sun cure wuri ɗaya sun sandare.

Na ce, "Daga jikin jikata yake fita."

Magajiya da kanta ta dafa kafaɗata. Sakau ya ce, "To ga ciwonta. A garuruwan jikinta, tagwaye irinmu an ƙera su da raunin hannu. Ba lalaci ba ne, haka suka zo. Layi ya yi tsawo har ya cika gari, ana zubar da su ta fitsari. Masu sarƙa ba su da duwatsu, ba sarƙa kuwa ba sabon jini, ba girma."

"To ku taso mu tafi, ni zan goya ku."

"Ba ma barin garinmu, kuma jikinta gari ne ba iyaka. Amma masu sarƙa ba ruwansu da wanda ya sauke kaya. A aika musu Uridawa waɗanda an riga an sauke wa, ta baki, kullum, muddin rai. Manyanku sun san yadda ake haɗa su. Ki gaya musu kawai abin da za su nema."

Damƙau ya tsinci gorona ya miƙo mini, ya ce, "Iya, sannu da zuwa. Ya gajiya?" Na ce, "Ja'iri, sai yanzu?"

Na tattara ragowar yashin na sake ƙullewa tare da goron. Hanyar dawowa ta fi sauƙi. Magajiya ta ce in miƙe tsaye in yabi kaina sau goma sha huɗu. Wannan ai ba sai an koya mini ba. Kowane yabo sai in ƙaru. Tun ina ta tara na fasa ƙwayar na fito, a ta ƙarshe ga ni tsaye a tsakar gida, ƙafa ɗaya cikin faifai.

Ko wanka ban yi ba na saɓi Yalwa sai asibiti. Na ce wa likita, "'Yar nan, ajiye alƙalami ki ji. Orotawa ne suka taru, tagwaye ba su da ƙarfin hannu, gora ta ƙi sauka. A ba ta Uridawa."

Ta dube ni ta ce, "Iya, kin sha maganin hawan jininki yau?"

Na kwance ragowar yashin na zuba mata a kan takarda, na ce daga fon yarinya yake. Ta duƙa ta duba shi. Ta ce in sake faɗin sunan farko. Na ce Orotawa. Ta tashi ta jawo wani littafi mai kaurin turmi, ta yi ta buɗawa, sai ta zauna a hankali. Ta ce akwai wani ciwo da ba kasafai ake ganinsa ba, ita ma a takarda kawai ta taɓa karanta shi. Tagwayen nan su a wajensu enzayim ake ce musu, maganin kuma sunansa yuridin. Ta aika fitsarin gwaji, ya dawo yadda na faɗa. Ta ce, "Iya, wa ya gaya miki?" Na ce tururuwa ce ta raka ni. Ba ta ƙara tambaya ba.

Maganin ya yi makonni kafin ya iso daga nesa. Garin magani ne, kullum da safe ake ba ta. Wata ɗaya cikin idonta ya yi ja. Wata uku rigunanta suka ɗage.

Ranar wata Laraba na dama kunun sayarwa cike da roba, na rufe, na shiga ɗaki ɗauko ludayi. Na fito na tarar da roba a kife, kunu ya malale har bakin zaure, akuyar maƙwabta tana lasa. Yalwa kuwa tana bisa katanga, bisa katanga fa, baki duk kunu, tana yi mini gwalo. Na ɗauki tsintsiya na ce, "Sauko, 'yar banza, yau sai na zane ki!" Ta diro ta ɗaya gefen ta zura da gudu. Na bi ta har ƙarshen lungu, na bi ta bayan masallaci, ina haki ina zagi, mutane suna ba ni haƙuri.

Ban kamo ta ba. Na zauna a kan dakalin wani gida da tsintsiyata a hannu, na yi ta kuka ina dariya, har mai gidan ya fito ya kawo mini kujera.

Iyakar abin da na gani ke nan, iyakar abin da na faɗa. Wanda ya ce ƙarya ce, ga Yalwa can, ya je ya kamo mini ita.